Lambar da Ke Bayan Waya

Mai Gyara ya shekara goma sha shida yana gyaran waya a shago ɗaya, tsakanin mai sayar da caja da wani shagon aski. Shagon bai wuce taku huɗu ba. Akwai tebur da fitila a kansa, da kujerar da aka tokare ƙafarta ɗaya da katako, da durowa biyu. Ta sama ta wayoyin gyara ce. Ta ƙasa ta wayoyin da aka goge aka ajiye don sayarwa. Ba wanda ya koya masa aikin. Da rediyo ya fara, ya lalata da yawa kafin ya gyara ɗaya. Yanzu yana ci daga aikin, 'ya'yansa suna makaranta, ba ya ha'intar kowa, kuma ya san ba ya ha'intar kowa. Wannan sanin ne ya sa ya daina duba kansa.

Yana da tsarinsa. Duk wanda ya kawo waya, sai ya yago farin salatif na takarda ya manna a bayanta, ya ce, "Faɗi lambarka." Sai ya rubuta lambar sirrin a kai da biro, don in ya canza gilashi ya buɗe ya gwada. Duk masu gyaran layin haka suke yi. Mutumin da ba zai ba matarsa lambar wayarsa ba, sai ka ji ya faɗe ta da ƙarfi a gaban mutum biyar a shagon gyara, ko a jikinsa.

A bakin shagon akwai benci, kuma bencin yana da masu shi. Ɗaya wani dattijo ne da ya yi aikin ofis shekara talatin da biyar, kowa yana ce masa Ritaya. Ɗayan maƙwabcinsa ne, Mai Caja, wanda ya fi zama a nan fiye da nasa shagon. Musunsu guda ne, ba ya ƙarewa: wa ya kamata ya tsare wa mutane sirrinsu da ke cikin waya.

"Gwamnati," in ji Ritaya. "A yi doka, a sa hannu, a buga hatimi. Duk wanda ya taɓa sirrin wani a ɗaure shi."

"Baba, gwamnatin da ta shekara uku ba ta gyara kwatar nan ba?" in ji Mai Caja. "Wanda ya ƙera abu shi ya san ƙofofinsa. Kamfani ya rufe, shi ke nan."

"Kamfanin da ke cin abinci da sirrin naka? Jiya na yi maganar ciwon gwiwa, yau waya tana ta nuna mini man zafi."

"To ai ta taimake ka. Ka saya mana, ka huta da ɗingishi."

Mai Gyara ba ya sa baki. Yana jin daɗin hayaniyar kamar yadda mutum ke jin daɗin rediyo yana aiki. A ransa yana ganin maganar ta manya ce, ba ta shafi mai ɗan tebur da sukundireba ba.

Yana da yaya mace, tela ce, ɗinkin mata take yi a wani ɗaki da ke gaban gidanta. Ita ta goye shi, har yau Auta take ce masa duk da furfurar da ke gemunsa. Da ɗanta ya aiko mata da sabuwar waya, sai ta kawo masa duka biyun.

"Ka kwashe mini komai ka zuba a sabuwar. Tsohuwar kuma ka goge ta, ka sayar, ka sai wa yara takalma."

Ya manna salatif, ya rubuta lambarta, ya kwashe mata komai. Ya cire imel ɗinta daga tsohuwar don mai saye ya samu damar sa nasa. Saura gogewa kawai, aikin minti biyar. Sai ga mutum uku sun shigo a tare, ɗaya wayarsa na ɗigar ruwa. Ya jefa ta Yaya a durowar ƙasa, ya ce a ransa an jima. Kwana goma suka wuce.

Ranar Talata da safe wani direban babbar motar fasinja ya shigo da sauri, ƙato, da tawul a wuya. Wayarsa ta faɗi ƙarƙashin taya, motarsa kuma ta kusa cika.

"Malam, ba ni ko wace iri, in dai tana kira tana amsawa. Fasinja na zagina."

Mai Gyara ya ja durowar ƙasa, ya ɗauko ta sama-sama, ya sa masa layinsa ya kunna. Wayar ta nemi lamba. Ya juya bayanta, ya ga salatif, ya danna lambar. Abin da hannunsa ke yi sau hamsin a rana ne, don haka hannun ya yi aikinsa, kan bai halarta ba.

"Ga lambar nan a baya. In ka samu lokaci ka canza."

Direba ya biya ya fita da gudu.

Wajen sha biyu Yaya ta biyo ta layin, ta dawo daga sayen zare. Ta tsaya a bakin ƙofa ta gaisa da Ritaya, ta tsokani Mai Caja cewa cajarsa ba ta kai mako.

"Auta, wayar nan ta tafi?"

"Ta tafi yau da safe."

"Madalla. Ka dai goge ta ko?"

A lokacin ne ya ga salatif ɗin a idon zuciyarsa, da rubutun hannunsa a kai. Wayar da aka goge ba ta neman lamba. Ya sunkuyar da kai kan aikin da ke gabansa, ya ce, "Uhm."

"To alhamdu lillahi. Don abin da ke cikinta ko mijina ban yarda ya gani ba."

Ta wuce.

Wannan "uhm" ƙarya ce. Ba sai mutum ya haɗa jimla ba kafin ya yi ƙarya, kuma Mai Gyara ya san haka tun kafin Yaya ta kai ƙarshen layi.

Ya san abin da ke cikin wayar, don shi ya kwashe shi. Yaya tana ɗaukar kowace mace hoto a ranar gwajin kaya, a cikin ɗaki, ba mayafi, wata rigar ma allurai ne ke riƙe da ita, don ta duba inda za ta rage da inda za ta ƙara. A ƙarƙashin kowane hoto akwai suna da awo. Akwai kuma saƙonnin murya, ɗaruruwa. Mata suna gaya wa tela abin da ba su gaya wa kowa ba, don jiki ba ya ɓoye wa tef ɗin awo komai. Shekara ashirin da biyu matan unguwa suna cire mayafi a ɗakin Yaya saboda sun san abin da ya shiga can ba ya fita. Yanzu duk wannan yana aljihun wani ƙato da bai san sunansa ba, da makullin manne a baya.

Ya ajiye sukundireba ya gaya wa mutanen benci.

Mai Caja ya miƙe. "Ai wannan mai sauƙi ne. Kamfani ya yi hanya. Ka shiga imel ɗinta daga nan, ka danna, ta goge kanta ko tana ina."

"Na cire imel ɗin."

"Ka cire?"

"Da hannuna."

"To ai akwai lamba. Ba mai buɗewa."

"Na rubuta masa a baya."

Mai Caja ya koma ya zauna a hankali. Ritaya ya gyara murya.

"Ka ga abin da nake faɗa. Da akwai doka mai ƙarfi..."

"Da akwai doka, Baba, da Injiniya za a fara ɗaurewa," in ji Mai Caja, yana nuna Mai Gyara, don haka suke ce masa. "Kai za ka riƙa kai masa abinci?"

Ritaya ya sunkuya yana shafa gwiwarsa.

Mai Gyara ya rufe shago da rana tsaka ya tafi tasha. Mai yankan tikiti ya gane direban daga kwatance: mai tawul, ai sai gobe da azahar zai dawo. Ya ba shi lambar direban. Mai Gyara ya tsaya a gefen wata mota yana tunanin me zai ce. In ka ce wa mutum kada ya duba, ka nuna masa inda zai duba ke nan. Duk da haka ya kira. Wayar a kashe. Ya sake kira. A kashe. Ya kira sau bakwai kafin ya bar tashar. Direban da ya sayi waya don a same shi, me zai sa ya kashe ta? Ko ya sayar wa wani a hanya. Ko yaran mota sun karɓa suna ta dariya a kujerar baya, suna tura wa abokansu.

Zai iya yin shiru har gobe. In wayar ta dawo lafiya, Yaya ba za ta taɓa sani ba. Ya yi wannan tunanin, ya yi shi har sau biyu. Amma ƙafarsa ta kai shi gidanta bayan la'asar.

Ya same ta a kan keke, tef a wuya, allura a baki. Ɗakin cike da ƙyallaye, ga labulen da mata ke shiga baya su canza kaya. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Lafiya, Auta? Wa ya mutu?"

"Yaya, ban goge wayar ba. Na sayar da ita haka, da lambarki a baya. Ɗazu da kika tambaye ni, ƙarya na yi miki."

Ta tsayar da keken. Ta cire allurar daga baki ta soke ta a hannun rigarta. Ta juyo gare shi.

"Wa ka sayar wa?"

"Wani direba. Gobe zai dawo."

"Ka san shi?"

"A'a."

"Zauna. Tsayuwar nan taka ba ta gyara komai."

Ya zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki.

"Akwai wata yarinya," in ji Yaya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Shekara tara da aure, ciki huɗu ya zube mata. Yanzu ga na biyar ya kai wata huɗu. Ko uwarta ba ta gaya wa ba, tana tsoron baki. Ni ta turo wa murya, tana kuka tana dariya, ta ce in buɗa mata riguna a ɓoye. Akwai wata kuma da aka yi wa aiki a ƙirji, nake mata ciko a riga don kada a gane. Na ɗauki hoton don in daidaita. Su nake tunani, ba kaina ba."

"Yaya, ki yafe ni."

"Ba ni ce mai yafewar ba tukuna. Bari mu ga gobe." Ta ja numfashi. "Nima da nawa. Me ya kai ni ɗaukar fuskokinsu? Rigar nake ɗinkawa, ba fuskar ba."

Ta kunna keken ta ɗinka layi guda, ta sake tsayawa.

"Ka ci abinci?"

"A'a."

"Ka ga irinta. Ka ɓata abu, kuma ka zo mini da yunwa. Shiga ciki a zuba maka."

Washegari tun sha ɗaya suna tasha, su biyu, a kan bencin masu jiran kaya. Ya ce ta zauna a gida, ta ce wayarta ce. Motar ta shigo bayan ƙarfe ɗaya. Sai da fasinja suka gama sauka sannan Direba ya diro, yana goge wuya da tawul. Yana ganin Mai Gyara ya nuna shi da yatsa.

"Kai nake nema. Tsaya nan."

Ya koma cikin mota ya buɗe aljihun gaba, ya fito da wani abu a naɗe cikin tsumman goge gilashi, an ɗaure da roba. Ya miƙa masa.

"Wayar wa ka sayar mini?"

"Ta yayata ce. Ga ta nan."

Direba ya juya ya ɗan rusuna. "Hajiya, sannu. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mun yi nisa kaɗan taya ta yi faci, na ce bari in ɗauki hoto in tura wa mai mota, don ba ya yarda da magana. Na ɗauka, na shiga in tura, sai ga matan mutane. Na kashe ta, na cire layina, na naɗe. Tun jiya da wayar kwandasta nake kira, shi kuma wayarsa sai an ɗaga ta sama take kamawa."

"Nawa ka gani?" in ji Yaya. Ba ta sassauta murya ba.

"Biyu. Ba zan ce miki ban ga komai ba. Biyu na gani, na farko da na kusa da shi."

"Saƙon murya fa?"

"Ban shiga ba. Shekara goma sha tara ina ɗaukar saƙon mutane a motar nan, ambulan da kwali da jaka. Ban taɓa buɗe na kowa ba. Ba a kan waya zan fara ba."

"Wa ka nuna wa?"

"Ba kowa. Kwandasta ya tambaya, na ce ta lalace."

Yaya ta dube shi tun daga hula har takalmi, kamar mai ɗaukar awo.

"Waɗanne kaya ne a jikinsu?"

"Ɗaya kore, ɗaya mai ruwan ƙasa. Koren ma hannunsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Bai fi ba. Ba a gama ba ne."

"To, ni dai haka na gani."

"Ka ga gwaji ne, malam. Je ka ga rigar yanzu a jikin mai ita."

Mai Gyara ya ga kafaɗun Yaya sun sauka. Ta san hotunan biyu, su ne na ƙarshe da ta ɗauka: wata malamar makaranta da ƙanwarta, ba mai cikin ba, ba mai ciwon ba.

Direba ya juyo kansa. "Kai kuma, Malam, da girmanka. Ka kulle gida ka rataye makulli a ƙofa. Da wani ka sayar wa fa? Akwai yara a tashar nan da kafin mota ta kai kwanar farko sun raba wa duniya."

"Gaskiya ka faɗa."

"Na san gaskiya na faɗa. Ina wayata?"

Mai Gyara ya zo da wata, wadda ya goge da safe ya sake gogewa, ta fi waccan kyau. Ya sa masa layi, ya miƙa masa ya ce ya sa lambarsa da kansa, ya juya baya har ya gama.

A nan kan bencin tasha ya kunna tsohuwar wayar, ya kai ta wurin gogewa, ya miƙa wa Yaya. Ita ta danna. Suka zauna suna kallon fuskar wayar har ta mutu ta sake tashi ba komai a cikinta. Yaya ta juya bayanta, ta ɓare salatif ɗin da farce, ta yayyaga, ta zuba a jakarta.

"Malamar nan da ƙanwarta zan gaya musu," in ji ta a hanyar komawa.

"Dole ne, Yaya? Ba wanda zai sani."

"Kai ma jiya ba wanda zai sani, ka zo. In sun yi fushi sun yi. Hotonsu ne."

Ta gaya musu. Ƙanwar ta yi dariya ta ce Allah ya sa dai ta yi kyau. Malamar ba ta yi dariya ba. Ta karɓi sauran kayanta, ta yi wata biyu ba ta leƙo ba, sannan wata rana ta dawo da yadi uku, ta ce daga wuya zuwa ƙasa kawai za a ɗauka. Yaya ta ce ai yanzu kowa haka ake masa, kuma ranar da aka karɓi kaya ranar ake goge hoton a gaban mai shi.

Mai Gyara ya daina rubuta lamba. Yanzu in ya gama gyara, mai waya ne ke buɗewa da hannunsa a gwada a gabansa. Wayar sayarwa kuma ba ta shiga durowar ƙasa sai mai ita ya tsaya an goge yana kallo, ko da mutum goma ne ke jira. Aikin ya ƙara jinkiri. Wasu suna ƙorafi, suna cewa mai gyaran da ke gaba ba ya wahalar da su haka, wasu ma sun koma can. Bai bi su ba. Ragowar salatif ɗin ya ba Mai Caja yana rubuta farashi da shi.

Musun benci bai mutu ba. Ritaya ya ce wannan abu ya tabbatar da maganarsa, don ba kullum ake dacewa da direba mai tsoron Allah ba, dole a yi dokar da za ta tilasta wa masu gyara. Mai Caja ya ce a'a, tasa ya tabbatar, don da kamfani ya yi wayar da ba ta karɓar sabon layi sai ta tambayi tsohon mai ita, da ba a kai nan ba. Kowannensu yana da gaskiya, kuma ya kamata a yi duka biyun. Sai dai ba gwamnati ce ta jefa waya a durowa ba, ba kuma kamfani ne ya naɗe ta a tsumma ba.

"Injiniya, kai me ka ce?" in ji Ritaya. "Kullum kana jinmu kana shiru."

Mai Gyara bai ɗago ba. Wata mata ce tsaye a gabansa da waya mai fasasshen gilashi, ta buɗe baki za ta faɗi lambarta.

"Riƙe abinki, Hajiya," ya ce mata. "Kada ki faɗa. Mutanen bencin nan kunnensu ya fi na kamfani."

"Ka ji sharri," in ji Mai Caja. "Mu da muke tsare maka shago kyauta."

Yaya ta biyo da yamma ta kawo wa matarsa rigar da ta gyara mata. Ta leƙa teburin, ta ga ba salatif a bayan waya ko ɗaya. Ta ce mai cikin nan ta shiga wata na bakwai, ta gaya wa uwarta da bakinta. Sannan ta tambaye shi ko ya sai wa yaran takalman, ya ce ya saya, ta ce to ya kawo su ta gani, don ba ta yarda da "uhm" ɗinsa ba.